Tukwanen Kufan Gabas

Ruwan kanal yana shiga kunyoyin tumatir lokacin da Inna Tambaya ta ga wani abu fari ya maƙale a gindin shuka. Ta sunkuya ta ɗago. Ƙashin muƙamuƙin mutum ne, da haƙora a jikinsa.

Ta san inda ya fito. Gabas da gonar akwai wani kufai inda mutanen da suke binne mamatansu cikin manyan tukwane. Tun tana yarinya ba a ratsa wurin sai da sallama. Yanzu samari sun mai da shi ramuka, suna tono tukwanen su kai wa wani dillali daga birni, ƙasusuwan kuwa su watsar a fili. Ɗanta Amiru yana cikinsu.

"Inna, mutanen nan fa ko sallah ba su yi ba," in ji Amiru da ta ajiye masa ƙashin a gabansa.

"Ko ma su wane ne, daga jikinsu muka fito," ta ce. "Ni ma in na kwanta haka za ka yi mini?"

Ya sunkuyar da kai.

* * *

Ƙanwarsa Rauda tana koyon zane da ginin yumɓu a kwaleji a Kano. Da ta zo hutu, Inna ta nuna mata ƙasusuwan da ta tsinto, ƙunshe cikin tsohon zani a ƙarƙashin gado.

"Tun da na kawo su barcina ya ƙi daɗi. Ki gina musu mazauni."

Rauda ta tattaro katangar fasassun tukwanen, ta kwaikwayi zanensu layi-layi. Aikin da za ta kai baje kolin makaranta ke nan, amma da ta gasa tukwanen sai ta fasa kaiwa. Wata safiya ita da Inna suka zuba ƙasusuwan a ciki, suka mayar cikin ramukan, suka rufe. Inna ta daɗe a tsugune tana magana ƙasa-ƙasa, kamar mai ba baƙo haƙuri.

* * *

Bayan an cire tumatir, Rauda ta koma makaranta, malaminsu ya turo wa 'yan aji hotunan wani ɗakin nuna kayan fasaha a Abuja. Rauda tana dubawa a waya, yatsanta ya tsaya. Tukunya ce a cikin gilashi, fitila na haska ta, an rubuta cewa ta shekara ɗaruruwa. A ƙasan wuyanta ga shatin babban yatsan Rauda, inda hannunta ya zame ranar da take ginin.

Ta hau mota ta koma gida. Amiru ba ya nan, an ce ya tafi garin Kadawa. Ta wuce kufai.

Ramukan a buɗe suke. Inna tana tsakiyarsu a durƙushe, ta shimfiɗa mayafinta a ƙasa, tana tsintar 'yan ƙananan ƙasusuwa ɗaya bayan ɗaya tana hure musu ƙasa.