Hoton Tayyiba a Bakin Titi

Ni Tanimu mai haƙar rijiya, sau biyu ƙasa tana rufta mini a Izom, sau biyu ina fitowa da ƙafata. Ban taɓa zama a aji ba, amma rabin Suleja ruwan hannuna suke sha. Wai ni za a yi wa wannan.

Jikata Tayyiba ta bar boko tun tana ƙarama, lokacin da uwarta ta rasu ta dawo hannuna. Bara na kai ta wata 'yar ƙaramar makaranta a Madalla, ɗaki biyu da tsakar gida, inda Malama Mardiyya ke koya wa 'yan mata irinta karatu da ɗinki. Aka miƙo takarda, na dangwala yatsa. Ba a jima ba sai ga hoton Tayyiba a kan ƙaton allo a bakin titin Abuja, tana murmushi.

Babu wanda ban kai ya gani ba. Cikin yara talatin, jinina aka zaɓa.

Ran Laraba na jawo abokina Dogara har gindin allon, na sa aka kira Tayyiba daga aji. Na ce, "Karanta masa ya ji."

Ta sunkuyar da kai. "Kaka, bari sai mun je gida."

"Karanta, na ce."

Ta bi Turancin a hankali, sannan ta juya shi da Hausa: "Ku taimaki yaran da ba su da kowa."

Dogara ya hau kallon takalminsa.

Ban tsaya ba sai gaban Malama. Na ce, "Mutuwa na yi ba a gaya mini ba?"

"Baba, ai kun sa hannu. Masu ba mu kekunan ɗinki daga Abuja haka suke son gani."

"Yatsa na sa, ban shiga kabari ba. Tayyiba, ɗauko jakarki."

Yarinyar ba ta motsa ba. "Kaka, wata uku ke nan da na iya karanta shi. Shiru na yi don kar ka cire ni."

Na yi tsaye. Da bakinta ta karanta Turanci a gaban Dogara, kuma a ɗakin nan ta koya.

Na bar ta a aji. Na je gida na ɗauko diga, na tone ƙafafun allon da rana tsaka jama'a na kallo, na kife shi a ƙofar Malama. Minti goma, da shekaruna saba'in da biyar.

Har yau Tayyiba tana zuwa. Ita ce ma ke rubuta wannan, kuma sai ta karanta mini shi daga farko kafin in dangwala.