Lakar Fadama a Gwangwanin Sara

Da hantsi ne, hadari ya haɗo ta gabas ya ƙi zuba, Birnin Kebbi ta yi tsit saboda zafi. Hure na tsugune bakin ɗakinta, ta sa wani gwangwani gaba tana kallo. Tsiron da ke ciki ya langaɓe, gindinsa ya yi baƙi, yana wari kamar jiƙon rama.

Tsiron ba nata ba ne. Na Sara ne, ɗiyar maƙwabciyarta Susanna, matar Cornelius kafinta. Matar wani Bature ce ta ba yarinyar reshensa sa'ad da suke haɗa kaya za su koma ƙasarsu, don an ce mulkin kai ya kusa. Ganyensa ratsi-ratsi, sama kore da fari, ƙasa shunayya, yana rarrafe yana zubowa ta bakin gwangwani. Duk wanda ya gani sai ya ce ai wannan ɗan'uwan balasa ne, ciyawar gona. Sara dai ta ajiye shi a taga, inda haske ke shiga rana ba ta bugu. Ko da ciwo ya kwantar da ita, tana miƙa hannu ta tsinke masa kai don ya yi rassa. Tsakiyar damina ta rasu.

Da Susanna za ta tafi garinsu can wajen Pankshin ta ga iyayenta, sai ta kawo gwangwanin da hannu biyu.

"Inna Hure, ga shi. Shi kaɗai ta bar mini mai rai. Ruwa kaɗan kawai."

"Haba uwar Sara! Ni da anka haihwa cikin hwadamar Argungu? Shinkahwa ba ta taɓa mutuwa hannuna ba, balle ɗan hakin ga."

Hure ta riƙi amanar da zuciya ɗaya. Ranar farko da ta zuba ruwa, sai ta ga yana tsiyayewa ta wasu ƴan huji a gindin gwangwanin. Ta ce, wayyo, abin ma yoyo yake. Ta liƙe hujin da yumɓu. Ƙasar ciki kuma duk yashi ce, ta ji tausayin tsiron. Da mijinta Dankure ya je Argungu sarin kifi, ta sa ya ɗebo mata baƙar laka ta bakin gulbi, irin wadda shinkafa ke ƙiba a ciki. Ta cika gwangwanin, ta zuba ruwa har ya kwanta a sama.

Ganye ya fara rawaya, ta ce ƙishi ne, ta ƙara ruwa. Ya sunkuya, ta ƙara. Ranar da ƴan makaranta suka bi titi da ƴan tutoci kore da fari ana kiɗa, Hure ba ta leƙa ba. Tana nan tana tokare rassan da tsinke, suna silalewa.

Yanzu ga shi Cornelius ya ce yau matarsa za ta sauka.

"Ki samo balasa bakin rahi ki dasa mata," in ji Dankure, yana ɗaure kwandon kifi. "Wa ka ganewa?"

"Uwa na ganewa," in ji Hure.

Bayan azahar Susanna ta shigo, ƙafafunta duk jar ƙasar hanya. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Inna, ina abin Sara?"

Hure ta miƙa mata. Susanna ta taɓa reshe ɗaya, ya tsinke a hannunta kamar dafaffe. Ta juya gwangwanin ta ga yumɓun. Ta sa farce ta ɓantare shi, baƙin ruwa ya zubo mata a zane.

"Na ɗauka yoyo shi kai," in ji Hure. "Lakar ma daga Argungu anka kawo ta. Wallahi ban kwana ban ba shi ruwa ba."

"Na gani," in ji Susanna.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da Hure ta samu sauƙi. Susanna ta tsince ƴan kawunan da suka rage da ɗan kore, ta dasa cikin yashi a kwanon sha. Hure kan leƙo ta saman zana kowace safiya. Ruɓar ta riga ta hau su, ɗaya bayan ɗaya suka kwanta. Matar Baturen kuwa ta daɗe da tafiya, ba wanda ya san mai irinsa a garin nan. Taga ta zama wayam, daga baya ma Susanna ta daina buɗe ta. In sun haɗu a bakin rijiya sai gaisuwa, ita ma a taƙaice.

Da shinkafa ta nuna, Hure ta shirya tafiya Argungu yanka. Dankure ya riga ya yi gaba. Ta ɗaure kayanta cikin babban kwando, ta yi ta fama ta kai shi ka, gwiwa ta ƙi. Sai ga Susanna ta fito da tsintsiya a hannu. Ta ajiye tsintsiyar, ta gyara mata gammo, ta kama gefe ɗaya ta aza mata. Hure ta daidaita kayan a kanta. Susanna ta ɗauki tsintsiyarta ta ci gaba da shara, Hure ta kama hanyar tasha.