Ba a Tashin Baba

A gidanmu doka ɗaya ce, kuma ba wanda ya taɓa rubuta ta: ba a tashin Baba. Shekara talatin da biyu ya yi yana aikin dare a gidan burodi, shi ne a bakin tanda. Yakan dawo da safe da fulawa a girarsa, ya yi wanka, ya karya, ya shiga ɗaki ya ja ƙofa. Daga nan har ƙarfe huɗu gidanmu yakan koma gidan kurame. Umma ta cire ƙararrawar ƙofa tun ba a haife ni ba. Kowace Asabar takan bi ƙyamare tana ɗiga musu man keken ɗinki. Yayana ya iya atishawa ba sauti, har yau matarsa kan firgita in ta ga fuskarsa ta yamutse ba ta ji komai ba. Ni kuwa da raɗa na koyi magana, shi ya sa da na zama malamar firamare na rama, daga aji uku ana jiyo ni har bakin titi.

Baba ya yi ritaya, gidan burodin ma ya koma shagon tayoyi, amma doka tana nan daram. Barcin rana ya riga ya shiga jikinsa, gadin barcin kuma ya shiga jikin Umma.

Yana da shekara sittin da takwas aka gano ƙari a hanjinsa. Ranar Litinin da yamma aka yi masa aiki, Talata da safe muka same shi a ɗaki mai gado huɗu, nasa na bakin taga. Ya rame a dare ɗaya, cikinsa na naɗe da bandeji, roba ta nan roba ta can. A jikin sandar ƙarin ruwa an maƙala wata na'ura mai girman ƙaramar rediyo, waya ta fito daga cikinta ta ƙare da maɓalli ɗaya a tafin hannunsa.

Babbar nas ta ɗakin, wadda kowa ke ce wa Sista, doguwa ce mai agogo a maƙale a ƙirji. Ta tsayar da mu ta yi mana bayani ba gaggawa. Ta ce maganin cikin na'urar mofin ne, mai ƙarfi ne, yana kashe ciwo sosai, amma in ya yi yawa yana kawo barci mai nauyi, ya rage numfashi har ya iya tsayar da shi. In ciwo ya taso Baba ya danna, ɗan kaɗan zai shiga jijiya, sai na'urar ta kulle kanta minti biyar. Ta ce kada ya yi ta daurewa, don sai ciwo ya lafa zai iya tari da tashi zaune, kuma da su ake warkewa. Sannan ta ce za su riƙa zuwa suna tashinsa su ga yadda yake amsawa.

A nan na ga Umma ta ɗago kai.

"Abu ɗaya, Mama," in ji Sista. "Shi kaɗai zai danna. Ba ke ba, ba 'yarki ba, ko ni ban isa ba. Wanda barci ya ɗauke ba ya danna maɓalli, wannan shi ne kariyarsa."

Umma ta ce to. Na san wannan to ɗin, shi take yi wa mai gyaran famfo in ya ce zai dawo da rana. Ya kamata in tsaya, amma ina da aji da gwajin lissafi, sai na ɗauki jakata na tafi. Wannan ya tsaya mini a rai har yau.

Ƙarfe biyu da rabi na dawo. Na tarar an ja labule an zagaye gadon Baba, Umma na zaune a bakin labulen kamar mai gadin ma'aikata, takalmanta a hannu. Fuskarta fes, rabon da in gan ta haka tun kafin a ce za a yi aiki. Ta ɗora yatsa a baki, ta raɗa mini cewa tun sha ɗaya yake barci, ko juyi bai yi ba. Mutumin gado na biyu ma ta sa ya kashe rediyonsa, na uku ta roƙe shi ya riƙa tari a cikin matashi. Nas ɗin rana ta zo ƙarfe ɗaya, Umma ta tare ta ta ce yanzun nan ya yi magana, yanzun nan ya samu barci, a yi haƙuri. Daidai lokacin aka kira nas ɗin da gudu daga wani ɗaki, ta leƙa ta ga ƙirji na motsi, ta ce za ta dawo. Umma ta ba ni wannan labarin kamar wadda ta ci gasa.

Na shiga cikin labulen saɗaf-saɗaf, don ni ma 'yar gidan ce.

In akwai ilimin da na fi kowa a duniya, to minsharin Baba ne. Da shi muka yi wayo. Ɗakinsa na kan hanyar kicin, sai mu tsaya mu jira ya ja, mu taka uku, ya saki, mu tsaya. Na san tsawonsa, na san inda yake karyewa, na san irin wanda yake yi in ya ci ya ƙoshi. Wannan da nake ji ba nasa ba ne. Ya ja guda ɗaya mai kauri, sai shiru. Na jira na biyun. Da a gida ne, da na je kicin na ɗebo ruwa na dawo kafin ya zo. Na duba leɓɓansa na ga sun yi toka-toka, bakin a buɗe, kai ya langaɓe gefe.

Na taɓa ƙafarsa, abin da ban taɓa yi ba. Na ce Baba, da irin muryar gida. Ko gezau. Na girgiza kafaɗarsa, hannunsa ya zame daga kan bargo, sai na ga babu maɓalli a ciki. Wayar ta bi ta ƙarƙashin labule ta nufi kujerar Umma.

Daga nan na saki muryar aji uku.

"Baba! Baba, tashi!"

Umma ta faɗo ciki ta damƙe hannuna. "Ke, ba ki da hankali ne? Za ki tashe shi."

"Shi nake so in yi, Umma."

Na danna ƙararrawar kiran nas na ƙi saki. Sista ta iso, kallo ɗaya ta yi masa ta yaye labulen gaba ɗaya. Ta kira shi da ƙarfi, ta murza ƙashin kafaɗarsa, ya ɗan yi gurnani ya koma. Ta ɗaga fatar idonsa, ƙwayar ta tsuke kamar bakin allura. Ta kashe na'urar, ta ɗago haɓarsa, ta sa masa abin iska a fuska, tana kallon agogon ƙirjinta. Ta ce numfashi shida a minti ɗaya, ta sa a kira likita. Duk wannan ba ta ɗaga murya ba sai wajen kiran Baba.

Likita ya zo da wata allura da ya ce tana warware mofin. Ya riƙa tura ta kaɗan-kaɗan yana jira. Umma ta manne da bango, takalmanta har yanzu a hannu. Ban san minti nawa aka yi ba, ni dai ina ƙirga numfashi, ina jin tsoron da ban taɓa ji ba. Can sai Baba ya ja iska mai tsawo, ya buɗe ido, ciwon da aka danne tun safe ya dirar masa gaba ɗaya. Ya dafe ciki ya saki wani nishi da duk ɗakin ya ji. Ban taɓa jin daɗin nishin mutum ba sai ranar.

Ashe na'urar tana rubuta komai. Sista ta latsa, ta karanta cewa daga sha ɗaya zuwa biyu da rabi an danna sau talatin da ɗaya, sau ashirin da huɗu magani ya shiga. Ta tambaya wa ya danna, ba tare da ta kalli kowa ba.

"Ni ce," in ji Umma.

Ta yi bayani kamar mai ba da hanyar girki. Ta ce in Baba zai farka girarsa ta hagu ce ke fara motsi, shekara arba'in ta san wannan. Da ta ga ciwo ne ke tashinsa, sai ta riƙa riga ciwon, gira na motsi tana dannawa. Ta ce ai an ce na'urar tana kulle kanta, ta ɗauka ba za ta ba da abin da ya wuce ƙima ba. Tana kaiwa nan muryarta ta ƙare.

Na zaci Sista za ta wanke ta tas, ni ma ina shirin ƙara nawa. Sai ta ce Umma ba ita ce ta farko ba, kuma duk waɗanda ta gani sun yi haka masu son mara lafiyan ne. Ta ce su ma da nasu laifin, bai kamata nas ta juya daga bakin labule ba, kuma za ta rubuta abin yadda ya faru. Aka cire na'urar, aka koma ba shi magani daga hannun nas, aune, tare da wani mara sa barci. Likita ya ce allurar da ya yi tana saurin fita daga jiki fiye da mofin, barcin zai iya dawowa, saboda haka za a riƙa tashinsa duk kwata, in ya daidaita a koma duk awa.

Umma ta fita baranda ta zauna a benci. Na kai mata ruwa ta ƙi sha. Ta ce in tafi da ita gida, ba ta dace da zama kusa da shi ba. Haushinta da nake ji ya bi iska, tausayi ya kama ni, sai na zauna kusa da ita.

Ƙarfe biyar saura Sista ta leƙo ta ce an koma duk awa, kuma ita hannunta a cike yake, Mama ta zo ta tashe shi, ita za ta tsaya ta duba. Hannunta ba a cike yake ba, na gan ta tana shan shayi.

Umma ta tsaya a kan Baba ta rasa ta inda ake farawa. Ta kai hannu ta janye. Ta dube ni, na ɗauke kai. Daga ƙarshe ta dafa kafaɗarsa ta ce Malam, a hankali, sannan ta sake faɗa da muryar da ban san tana da ita ba. Ya buɗe ido. Sista ta tambaye shi inda yake da ranar da ake ciki, ya faɗa daidai, ta ƙirga numfashinsa ta ce sha huɗu, ta rubuta.

Umma ta fara ba shi haƙuri, na maɓallin da na tashin, duk a haɗe.

"Ni ban taɓa cewa kada a tashe ni ba," ya ce, muryarsa a dishe. "Ƙarfe ɗaya nake farkawa. Sai in kwanta ina jin ku kuna saɗaɗawa, ina jira wani ya turo ƙofa. Na ɗauka kun fi sakewa in ba na nan."

Ni dai na tuna sau nawa na tsaya a bakin ƙofar nan da takardar sakamakon jarrabawa a hannu ina jiran ƙarfe huɗu.

Idonsa ya sake lumshewa, numfashin yana tafiya daidai. Umma ta ajiye takalmanta a ƙasa ta zauna. Ta tambayi Sista yaushe ne na gaba, Sista ta ce ƙarfe shida.

Umma ta dubi agogon bango. "Da saura," ta ce. "Ba a yi duk rabin awa?"