Katangar Itace Tsakanin Gida Biyu

Byon Sangpil da Ham Dujin tare suka tashi a wani ƙauye da ke cikin tsaunukan Gangwon, gidajensu a jere, 'yar guntuwar katangar dutse ce kawai ta raba su. Dujin ya ɗan girmi Sangpil, shi ya sa har suka yi furfura Sangpil yake ce masa Yaya, ko da kuwa zaginsa zai yi.

Tara itacen Sangpil ya samo asali ne daga wani hunturu da ya karye a ƙafa. A shekarar ɗanyen ice suka riƙa cusa wa murhun da ke ɗumama daɓen ɗaki, hayaƙi ya fi wuta yawa, matarsa Okbun ta yi ta tari har ƙanƙara ta narke. Da ya miƙe sai ya rantse ba za a sake ba. Kowace kaka, da an haƙe dankali an karye masara, zai hau gandun da ya gada a gefen tsauni da zarton inji da 'yar taraktarsa, ya yanko, ya faskara, ya jera. Icen da ya sara bana ba ya ganin wuta sai ya shekara uku yana shan iska. Tun yana da na shekara biyu a gaba, har ya kai yana da na shida.

Ana nan matar Dujin, uwar ɗansa Yongho, ta rasu, bayansa kuma ya ƙi, ko gatari ba ya iya ɗagawa. Sangpil ya san halin mutuminsa, ya gwammace ya daskare a ɗaki da ya roƙi ko tsinke. Don haka bai ce masa komai ba, sai ya daina jera icen a bayan gida, ya dawo da shi kan katangar da ke tsakaninsu. Jeri ya yi ta tsawo yana faɗi har ya shige ƙarƙashin bakin rufin Dujin, inda in ya buɗe ƙofar kicin miƙa hannu kawai zai yi.

"Kai Sangpil, ka tare mini rana," in ji Dujin wata safiya, yana dogare da sanda.

"Me za ka yi da rana, Yaya? Shanya kanka za ka yi kamar barkono?"

"Wannan uban ice haka, kun yi yarjejeniya da mutuwa ne ta ba ka shekara ɗari?"

"Wuri ne ya yi mini kaɗan. Ka riƙa rage mini ta ɓangarenka, kada ya rufto wa kajina."

Dujin ya dubi icen, ya dube shi. "To, saboda kajin."

Haka suka yi shekaru. Da yamma hayaƙi biyu ke tashi tare, kuma in dusar ƙanƙara ta rufe hanya su kan zauna a ɗakin Dujin, daɓe ya yi ɗumi har sai an gyara zama, suna gasa dankali suna shan giyar shinkafa, suna musu a kan wanda ya fi wani iya kamun kifi suna yara.

Okbun ce hankalinta bai kwanta ba. "Baban Mira, icen nan ya manne wa rufin Yaya," ta ce masa. "Mai unguwa ma ya faɗa a lasifika, a janye itace daga jikin gidaje kafin iskar watan huɗu."

"In na janye wa zai ɗauko masa? Da wannan bayan nasa? Ko ke za ki riƙa goya shi?"

Ya ce bari a gama shuka zai rage.

Ba a gama shukar ba. Wata rana bayan cin abincin rana, suna gonar ƙasa, iska tana kaɗawa kamar za ta ɗauke mutum, sai suka ga bayan tsauni ya yi baƙi da hayaƙin gobarar daji. Lasifika ta fara kira kowa ya bar abin da yake yi ya gangara makarantar firamare. Sangpil ya tura Okbun cikin motar maƙwabta, shi kuma ya juya tarakta ya nufi gida. Ya tarar da Dujin a tsakar gida yana jan tiyon ruwa da hannu ɗaya.

"Hau mu tafi, Yaya."

"Bari in ɗauko hoton uwar Yongho."

"Mu dawo mu ɗauka. Hau."

Bai jira amsa ba, ya sungume shi ya ɗora a bayan tarakta. Suna fita garwashi yana faɗowa daga sama kamar ƙanƙara.

Wutar ba ta cinye ƙauyen ba, tsallake ta riƙa yi, ta ci nan ta bar can. Amma garwashin da ya faɗa cikin icen Sangpil ya sami abin da yake so, busasshe ƙarau, an jera shi yadda iska za ta ratsa. Masu kashe gobara suka ce ko kusa da shi ba su iya zuwa ba. Iskar kuma wajen gidan Dujin take busawa. Da aka bar mutane suka koma, Sangpil ya tarar da gidansa a tsaye, bango ɗaya ne kawai ya yi baƙi, har takalman Okbun suna bakin ƙofa. Na Dujin kuwa babu abin da ya rage sai bututun hayaƙi da kwanon rufi a murɗe. Tulunan daddawar miya da matarsa ta haɗa da hannunta kafin ta rasu, wadda yake ɗiba kaɗan-kaɗan don kada ta ƙare, duk sun fashe.

Washegari Yongho, ɗan Dujin, ya iso daga birni. A zauren makaranta, gaban jama'a, ya tsaya a kan Sangpil.

"Kawu, na ji an ce an yi muku magana a kan icen nan. Har Goggo ma ta yi maka. Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"Ka tara wa tsoho wuta a bakin ƙofa, naka gidan kuma ga shi can lafiya lau."

Dujin ya buga sandarsa a ƙasa. "Rufe mini baki. Duk hunturun da kake kirana a waya kana cewa Baba ka sa riga mai kauri, da icen wa kake tsammani nake kwana?"

Yongho bai janye maganarsa ba, Sangpil kuma bai ga abin janyewa a cikinta ba. Ya durƙusa gaban Dujin ya roƙe shi ya koma ɗakin 'yarsa Mira, tunda ta yi aure ɗakin yana nan a rufe. Okbun ma ta sa baki tana kuka. Dujin ya girgiza kai.

"In na buɗe taga kowace safiya me zan gani, Sangpil?"

Ya bi ɗansa birni.

Tun daga ranar Sangpil bai ƙara taɓa zarto ba. Okbun ta sayo shimfiɗar lantarki mai ɗumama wurin kwana. Da kaka ya cika kwali da dankali da masara ya hau motar haya ya je duba abokinsa. Ya same shi a bene can sama, zaune kusa da taga, ya rame har wuyan riga ya yi masa yawa. Matar Yongho ta kawo musu shayi ta ja ƙofa.

"Nan maɓalli ake dannawa ƙasa ta yi ɗumi," in ji Dujin. "Ɗumin fata. Ba ya shiga ƙashi." Ya ɗauki dankali ɗaya ya shinshina. "Ka fara sara?"

"A'a."

"Wawa. Za ka kashe Okbun da sanyi don ka ba ni haƙuri?"

"Yaya, da na bar ka ka ɗauko hoton."

"Da ka bar ni da yanzu tokata kuke shara." Ya juya dankalin a hannunsa. "Sai dai fuskarta ta fara ɓace mini. In na rufe ido, gashin nake gani da hannuwan, tsakiyar babu."

Suka zauna har lokacin motar komawa ya yi.

Dujin ya rasu a tsakiyar hunturu. Yongho ne ya kira da kansa, ya ce Baba ya bar wasiyya a binne shi kusa da mahaifiyarsu a kan tudun bayan ƙauye. Matsalar ita ce ƙasa ta daskare kamar ƙarfe, hanyar tudun kuma ta yi wa motar haƙa ƙunci. Masu haƙa suka ce sai an hura wuta a wurin ta yini kafin diga ya shiga.

"Kawu," in ji Yongho, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ban san wanda zan tambaya ba sai kai."

A gidan Sangpil babu ice ko na dafa ruwan shayi. Ya ɗauko zarto daga rumfa, ya goge tsatsa, ya zuba mai, ya hau gandunsa cikin dusar ƙanƙara. Bishiyoyin suna tsaye baƙi ƙirin, amma cikinsu ya bushe. Ya yanko ya riƙa goyowa a baya zuwa tudun, gawayi ya ɓata masa fuska da riga. Ya jera icen daidai tsawon mutum, ya kunna, ya zauna yana ƙara masa. Can Yongho ya hauro cikin baƙaƙen kayan makoki da takalmin birni, ya tsaya ɗaya gefen. Da ice ya yi ƙasa sai Yongho ya tuɓe kwat ɗinsa ya bi Sangpil suka ɗauko wani tare.

Washegari ƙasa ta yi laushi aka haƙa, aka binne Dujin. Yongho ya rusuna wa Sangpil har ƙasa kafin ya shiga mota, daga baya kuma ya sayar da filin gidan ga wani mai noman kabeji.

Sangpil ya koma sara saboda Okbun, don shimfiɗar lantarki ba ta hana ta ciwon gwiwa ba. Amma na shekara ɗaya kawai yake yi, can ƙarshen gona yake ajiyewa, kowace yamma ya ɗauko na ranar. In ya zo wucewa ta gefen kabejin sai ya sunkuyar da kai ya ƙara sauri.