Kawu Mai Rubutu da Yatsa Ɗaya

Ranar da sabulun Dogo ya fito kasuwa da ƙamshi irin na sabulun Kawu sak, ba a je neman ɓarawo da nisa ba. Kowa a dangi ya waiwayo ya dubi Injiniya.

Sunan tsokana ne da ya bi ta tun tana ƙarama tana kwance rediyon gida. Yanzu tana aiki a wani ƙaramin kamfani a saman bene, inda suke da manhaja guda da 'yan kasuwa da yawa ke haya, kowa yana adana bayanan sana'arsa. In za ta yi wa Mama bayani, cewa take yi gidan haya ne: rumbun bayanai ɗaya, amma kowane ɗan haya da ɗakinsa da makullinsa. Ita ta shawo kan Kawu, ƙanin Mama, ya kama ɗaki ya zuba sirrin haɗa sabulunsa a ciki. Ita ce kuma ta kawo Dogo, yayan mijinta, wanda shi ma sabulu yake yi, kuma ba sa ga-maciji da Kawu. To ga mai riƙe da makullan gida tana aure a gidan abokin hamayya. Ko kai ne, wa za ka zarga?

Kawu bai yi hayaniya ba, shi ya sa abin ya fi ciwo. Ya zo falon Mama da hantsi, ya ɗora sabulai biyu a kan tebur, ya gyara zama.

"Shinshina, Yaya. Wanne ne nawa?"

Mama ta shinshina wannan, ta shinshina wancan, ta kasa rabewa.

"Shekaru na yi ina ƙona hannuna kafin in dace da wannan haɗin," in ji Kawu, idonsa a kan Injiniya. "Ban faɗa wa kowa ba, ko matata. A na'urarku kaɗai na rubuta. Ni dai na san da ɗan gari akan ci gari."

"Kawu, wallahi ban taɓa buɗe ɗakinka ba."

"Ban ce kin buɗe ba. Amma zan hau benen nan in tambayi manajanku wa ke riƙe da makulli."

Ta san me hakan ke nufi. A aikinsu, wanda aka taɓa cewa ya leƙa ɗakin ɗan haya, ko ƙarya ce, ya gama cin abinci da kwamfuta. Amma ba wannan ne ya karya mata zuciya ba. Bayan fitar Kawu ne, da Mama ta kama hannunta ta yi ƙasa da murya ta ce, "In mijinki ne ya matsa miki, ki faɗa mini, ni uwarki ce." Wato har Mama.

Zargi kuwa kamar mura yake, sai da ya kama ta ita ma. A ofis ta fara kallon abokin aikinta na teburin gefe, me ya sa yake rufe fuskar kwamfutarsa in ta gifta? A gida ta canza kalmar sirrin kwamfutarta, mijinta ya lura, bai ce komai ba, sai shirun nasa ma ya zame mata abin tuhuma. Ta bi makullan ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, duk a garƙame. Sai ta koma kan akwatin nema, inda mutum ke rubuta kalma a zaƙulo masa duk inda take cikin bayanansa.

Don nema ya yi sauri, ba ɗaki-ɗaki manhajar ke bi ba. Fihirisa guda suka gina, wadda ta tattara kalmomin dukan ɗakuna, kowace kalma da tambarin mai ita. In ka nema, sai a duba tambari a ba ka naka kaɗai. Injiniya ta gwada a kwafin gwaji na ofis, yatsunta na gudu kamar ana korarsu: ta rubuta, ta danna, ta rubuta, ta danna. Ba abin da ya tsallako.

Da wannan ƙarfin gwiwa ta tafi masana'antar Kawu. Ta ratsa tsakanin durorin mai da tebura cike da sabulun da ke shan iska, warin soda na yaji a hanci, ta same shi a ɗan ofishinsa mai tagar gilashi inda yake hango ma'aikata.

"Kawu, na duba komai. Ba yadda za a yi wani ya ga abin da ke ɗakin wani. Ba ta ƙofa ba, ba ta akwatin nema ba."

Da ta san halinsa da kyau, da tun farko da wannan ta fara. Kawu yana iya jure yunwa, amma ba ya iya jure yarinyar da aka haifa a gabansa ta ce masa ba yadda za a yi.

"Ba yadda za a yi? Matsa."

Ya jawo allon rubutu, ya gyara tabarau, ya miƙe yatsa ɗaya kamar mai zaɓen tsakuwa a hatsi. Ya danna harafi. Ya nemo na biyu. Ya nemo na uku. Daga nan bai danna nema ba, sai ya janye hannunsa ya harɗe a ƙirji yana jira.

Jerin shawarwari ya zubo a ƙarƙashin akwatin, irin wanda manhaja ke kawowa don ta ƙarasa wa mutum abin da ya fara rubutawa. Layin farko na Kawu ne. Na biyu da na uku kuwa ma'aunin mai da turare ne daga ɗakin Dogo.

Daga baya aka ƙara wannan jerin, kuma daga fihirisar gama-gari yake ɗiba ba tare da duba tambari ba. Ba ya fitowa sai mai rubutu ya dakata. Su a ofis ba mai dakatawa, kuma kwafin gwajinsu ɗaki ɗaya ne tal a cikinsa, ba maƙwabcin da zai tsallako. Sai mai rubutu da yatsa ɗaya ne zai gani.

"To," in ji Kawu yana huci da nasara. "Wa ya nuna wa Dogo wannan in ba ke ba?"

Ta ɗago a hankali. "Kai wa ya nuna maka, Kawu?"

Injin yanka sabulu yana ta ƙara a bayan gilashi. Ta tuna yadda bai yi laluben haruffan da zai sa ba, da yadda ya janye hannu kamar wanda ya saba. Ta tuna sabulun ruwa na wanke-wanke da Kawu ya fitar bara, jim kaɗan bayan na Dogo, wanda dangi suka yi ta cewa basira ce Allah ya ba shi.

"Tun yaushe kake leƙawa?"

"Ke, kada ki kawo mini raini! Ni na tsaga bangon? Abu ya zubo gabana, sai in rufe ido?" Ya yi ta faɗa, don tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Da ya gaji ya sassauta murya. "Ji nan, 'yata. Ki toshe ta wajensa kawai. Ni kuma in je in ce wa Yaya an gano ba laifinki. Magana ta mutu."

Ta dube shi, mutumin da ya taɓa goya ta a kafaɗa. Ya san da ɓarakar tun tuni, ya gwammace uwarta ta yi mata kallon ɓarauniya da a toshe masa wurin leƙe. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Ita da kanta ta hau benen ta shiga wurin Manaja, kafin Kawu ya riga ta. An sha gumi, an sha faɗa. Suka kashe jerin shawarwarin nan take, suka rushe fihirisar gama-gari, suka gina wa kowane ɗaki tasa a cikinsa, aka kuma sanar da 'yan haya abin da ya faru.

Dogo ne ya fara kira, yana dariyar yaƙe. "Amaryarmu, akwatin nan naku kamar ya rage kuzari, ko?" Ta gane ta nan ne shi ma ya kwashi sirrin Kawu. Ta ce lafiyar akwatin ƙalau, ta kashe.

Washegari da la'asar ta biya gidan Mama. Sabulan nan biyu suna nan a kan tebur inda Kawu ya bar su, Mama ba ta taɓa su ba, ba ta kuma sake mata fuska sosai ba. Suna zaune wayar Injiniya ta yi ƙara. Ta ga sunan, ta buɗe muryar yadda kowa zai ji, ta ajiye wayar tsakanin sabulan.

"Ke wace irin yarinya ce?" Muryar Kawu ta cika falon. "Na ce ki toshe ta wajensa, ba ta wajena ba! Tun safe nake rubutawa ina jira, ko layi ɗaya na Dogo bai zubo ba!"

Mama ta dubi wayar. Sannan ta miƙa hannu ta riƙo na 'yarta, ta matse shi gam, ta sunkuyo.

"Ni ce, ƙanena," in ji ta. "Ci gaba, muna jin ka."