Alkawarin Riƙe Sirdi

A garinmu akwai ƙarya guda ɗaya da kowane uba ke yi wa ɗansa, kuma ba wanda ke ganin laifinta. Zai kwance ƙananan tayoyin nan biyu na gefen keke, ya kama bayan sirdi, ya ce ba zai saki ba. Sai yaro ya yi nisa ya waiwaya, ya hango uban can baya, dafe da gwiwa, yana haki yana dariya. Haka mahaifina ya yi mini. Haka aka yi wa mijina Lorne, shi ya sa yake da ɗan tabo a haɓa, tabon da na kasa daina kallo ranar da muka fara haɗuwa a wani kanti, har na manta abin da na je saya a kantin.

'Yarmu Maren ta cika shekara shida a watan Mayu. Sa'o'inta na layinmu duk sun bar tayoyin gefe, ita kaɗai ke binsu a baya, kekenta na ƙarar-ƙarar a kan kwalta. Lorne ya yi ta ɗaga ranar koya mata, domin a watan Yuni ƙafarsa ta hagu ta fara jan ƙasa, a Yuli cokali ya fara suɓuce masa. A watan Agusta muka tafi asibitin birnin Winnipeg, wata likita mai sanyin murya ta faɗa mana sunan ciwon. Ta ce jijiyoyinsa ne ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma kafin ƙanƙara ta narke a Afrilu zai koma keken guragu. Awa biyu na tuƙa mu zuwa gida, gonakin alkama dama da hagu. Da muka shigo gari ya juyo gare ni.

"Colette, ni zan koya mata keke," in ji shi. "Ba ke ba, ba yayanki ba. Ni."

Muka yanke ba za mu gaya wa yara ba tukuna. Ƙanenta Ansel shekararsa uku, ba abin da zai gane. Maren kuwa tana gane fiye da yadda muke so. Satumba ta tafi a zirga-zirgar asibiti. A ƙarshen Oktoba rediyo ya ce ranar Talata dusar ƙanƙara za ta sauko, kuma idan ta sauko sai a rataye kekuna a gareji har wata shida. Asabar ɗaya ta rage masa.

Da safe na soya fanke, Ansel ya shafa zuma har cikin kunne. Lorne ya fita gareji da sifana don ya kwance tayoyin gefen keken Maren. Na ji ƙarfen ya faɗi a siminti sau uku. A na huɗu na fita kamar mai neman tsintsiya, na kwance notin, na mayar masa da sifanar a hannu kafin Maren ta fito. Bai gode mini ba, ni ma ban so ya gode ba.

Ta fito da hular kwano mai hoton kyanwa, fuska a murtuke. Ta ce ƙawarta Bryn ta tona mata asiri, wai duk iyaye maza sakin keke suke yi bayan sun ce ba za su saki ba.

"Wace Bryn?" in ji Lorne. "Wadda har yau ba ta iya ɗaure igiyar takalminta ba?"

"Kai ma ai Mama ke ɗaure maka yanzu."

Na ga maganar ta shige shi, amma ya yi dariya, ya ce shi sarki ne, sarki kuwa ba ya sunkuyawa. Ba ta yi dariyar ba. Ta miƙo ƙaramin yatsanta, ta ce sai ya rantse. A wajen yaranmu babu rantsuwar da ta kai wannan. Ya sarƙe yatsansa da nata, ya ce ba zai saki ba sai ita da bakinta ta ce ya saki.

Muna saka keken a bayan mota na ce masa a hankali, ai ya san dole ya saki a ƙarshe, in ba haka ba yaushe za ta iya. Ya girgiza kai. Ya ce akwai ƙarya babba da muke yi mata kullum a teburin abinci, ba zai ƙara mata wata ba. In ta kama ya bi ta da gudu har kogi, zai bi ta. Na so in ce da wace ƙafar, sai na haɗiye. Ban taɓa sonsa kamar a wannan minti ba, kuma ban taɓa jin tsoron abin da zai same shi ya kama ni haka ba.

Filin ajiye motoci na bayan coci muka je, inda kowa ke zuwa. Ba kowa a ciki, sai iska mai sanyi da ganyaye masu ruwan ɗorawa da ta tara a jikin shinge. Na zaunar da Ansel a kan bargo da biskit. Zagayen farko a hankali suka yi, ita tana karkata hagu da dama, shi yana ce mata ta kalli gaba, ta bar kallon feda kamar wanda ya zubar da kuɗi a ƙasa. Ina jin takalminsa na hagu yana goga kwalta a kowane taku. Bayan zagaye na biyu ya tsaya, ya ce zai duba iskar taya. Ya daɗe a tsugune. Na matso na ce ya bar mini zagaye ɗaya ya huta.

"Koma wajen ɗanki, uwar iyayi," ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Ga shi can yana cin ganye."

A zagaye na uku abin ya zo mata. Na ga lokacin da bayanta ya miƙe, keken ya daina rawa a ƙarƙashinta. Ta ƙara taka feda. Ta tambaya ko yana riƙe, ya ce yana riƙe. Da gaske yana riƙe, yana gudu irin gudun da ya rage masa, fuskarsa ta yi ja. Sai na ga yatsunsa sun buɗe daga sirdin da kansu, ɗaya bayan ɗaya, kamar ba nasa ba. Ya kai ɗaya hannun zai cafko, ƙafar ta harɗe, ya kife a kan fuskarsa. Hannayen ma ba su tare masa ba.

Maren ba ta sani ba. Ta yi tafiyar tsawon motoci shida ita kaɗai, gashinta na tashi ta ƙarƙashin hular, kuma wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau da ban tsoro kamarsa ba. Ta sake tambaya ko yana riƙe. Da ta ji shiru ta waiwaya, kan keken ya juya, ta daki dakalin siminti na bakin filin.

Na tsaya tsakaninsu ban san inda zan nufa ba. Shi ya ɗago kai ya ce in je wurinta. Leɓenta ya fashe, haƙori ɗaya na gaba yana lilo, jini a rigarta. Kafin in gama goge mata baki, Lorne ya ja jiki zuwa gindin fitilar filin, ya jingina, ya harɗe ƙafafu kamar mai hutawa don nishaɗi. Ya ja hularsa ya rufe goshin da ya goge. Ta ture hannuna ta taka har gabansa. Ba ta kuka.

"Ka saki."

Ya dube ni. Da idona na roƙe shi ya faɗa mata, ya ce hannun ne ya ƙi, ya ce bai karya rantsuwa ba. Ya mayar da kallonsa gare ta, ya yi murmushi.

"Na saki, 'yar Baba. Haka ake yi. Ba ga shi kin tuƙa da kanki ba?"

"Ka ba ni yatsanka."

"Na ba ki."

Ta ce ashe Bryn ce mai gaskiya. Ta juya ta shiga mota, ta rufe ƙofa. Sai da na ɗaure Ansel a kujerarsa, na buɗe bayan motar don ya kare su daga ganinmu, sannan na sa kafaɗa na ɗaga mijina daga ƙasa. Ya fi yadda na zata nauyi.

Da la'asar, yara na kallon talabijin, muka yi faɗa a kicin cikin raɗa. Na ce ya zalunci kansa, ya zalunce ta. Ya ce gara ta yi fushi da uba mai ƙarfi na sati ɗaya da ta kwashe sanyin bana tana leƙen hannunsa. Na ce kafin Kirsimeti za ta gane ko mun faɗa ko ba mu faɗa ba. Ya ce to a bar ta ta kai Kirsimetin. Na tambaye shi, gobe fa, akwai sauran Lahadi. Ya ɗaga hannunsa na dama tsakaninmu, ya yi ƙoƙarin dunƙule shi. Yatsu biyu kawai suka amsa.

Ranar Lahadi ya roƙe ta sau biyu. Ya ce zai saya mata ƙararrawar keke, ya ce wannan karon a kan ciyawa za su yi. Ban san da me yake nufin riƙewa ba. Ta ce a'a, ba ta ko ɗago daga zanen da take yi ba.

Ranar Litinin da ta dawo makaranta ta same ni ina ninke wanki, ta ce in zo in riƙe mata. Ba ta miƙo mini yatsa ba. Na leƙa falo, Lorne ya ji. Ya gyaɗa mini kai, ya ɗauki bargo ya fito, ya zauna a matakalar ƙofa kusa da kabewar da muka sassaƙa wa fuska don bikin yara na ƙarshen Oktoba, Ansel a cinyarsa.

A layinmu muka yi. Sama ta yi duhu-duhu, iska na warin ƙanƙara. Na kama sirdin, wurin ya yi mini sanyi a tafin hannu. Na yi gudu har gida na uku, sai ta ce, ba tare da waiwaye ba, in saki. Na saki. Ta tafi har ƙarshen layi, ta yi kwana mai faɗi, ta dawo, ta wuce gaban gidanmu idonta a gaba kamar yadda ya koya mata. Lorne ya kama hannayen Ansel yana tafa mata da su.

Bryn ta fito daga gidansu da gudu tana tambayar wa ya koya mata. Maren ta sa ƙafa a ƙasa, ta gyara hularta.

"Mama ce," in ji ta.

Bryn ta juyo ta kalli Lorne, kamar tana jiran ya musa.

"Haka ne," ya ce. "Mamanta ce."

Ya jira har suka yi nisa su biyu, sannan ya sauke Ansel, ya miƙo mini hannu. Ya ce in taimaka masa ya shiga ciki, sanyi ya fara shigarsa.