Gwankin Malam Labaran

Shekara goma ke nan rabon Malam Labaran maharbi da dajin duwatsun kudu, tun ranar da gwamnati ta ce ya zama gandu, ba harbi. Ya rataye bindiga ya koma noman gero a Kausani, amma zuciyarsa tana can. Ga shi kuma yanar ido ta fara cin ganinsa. Burinsa ɗaya ne, ya sake ganin gwanki kafin idon ya gama rufewa.

Shekarar ƙarin albashin Udoji, ɗansa Dalhatu, ma'aikaci a Wudil, ya sayi Fijo, ya ce ranar Asabar zai kai shi. Da yake ɗan boko ne, sai ya ɗauki tafiyar kamar zuwa ɗaurin aure. Ya ɗinka wa tsohon farar shadda, ya yi masa wanka da turare. Labaran ya san naman daji ba ya jiran mai ƙamshi, to amma wa zai gwasale ɗan da ya yi masa gata? Ya saka rigar.

Haka suka wuni hawa da gangara a bayan mai gadin gandun. Ko gafiya ba su gani ba, sai birai da ke musu tsiya daga kan dutse.

Da la'asar a bakin wani rafi haƙurin tsoho ya ƙare.

"Dalhatu, ka yafe ni," ya ce.

Ya tuɓe rigar ya ninke, ya shafe jikinsa da taɓo. Ya ɗaga fuska ya ji inda iska ta dosa, ya ja su gefen da ba za ta kai warinsu bakin ruwa ba. Suka laɓe.

Can sai ga motsin kofato a kan tsakuwa. Dalhatu ya damƙe hannunsa.

"Baba, ga shi nan!" ya ce da raɗa.

Labaran ya ware ido iya ƙarfinsa. Babu komai sai fari-fari kamar hayaƙi. Ya makara.

"Yaya yake?"

"To... kamar doki ne mai ƙaho, Baba."

Tsohon ya yi murmushi, hawaye na wanke taɓon kumatunsa.

"Kai dai! Dubi fuskar, baƙi da fari. Kunnuwa zaƙo-zaƙo. Ƙahon ya lanƙwasa baya."

"Wallahi haka yake, Baba."

"To kar ka ɗauke ido. Kalle mini shi har ya tafi."